GTX 1060 ɗina ya fara sarƙewa: lokacin canji ya yi, ko in ƙara haƙuri?

Bello Mabera:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema kafin in taɓa kuɗin da na yi wata bakwai ina tarawa. Kwamfutata ta tebur ce, na saye ta ta hannu shekara huɗu da suka wuce. Furosesa (guntun da ke yin lissafin kwamfuta) i5-6500, RAM 8GB sanda ɗaya, katin girafik GTX 1060 mai 6GB, fawa-fak (akwatin da ke ba injin wuta) 450W, monita 1080p. Ƙwallo na fi bugawa, FC 24, sai Red Dead Redemption 2 idan na sami sukuni da dare. Tun da zafi ya shigo ƙwallon ke sarƙewa. Ana bugun kwana sai hoto ya ƙame kamar ƙiftawar ido, kafin ya dawo an ci ni. Fankar katin kuma ihu take yi har ɗakin Inna ana ji. Wani a Kano ya yi mini tayin RTX 3060 mai 12GB na hannu, akwai kuma sabon RTX 4060 da kuɗina suka kusa kaiwa. Wanne zan ɗauka?

Aminu Gwiwa:
Wa alaikumus salam. Yaya Bello, katin da ya fito tun 2016 kake tambaya a kai? Ya yi maka aikinsa. Ɗauki 4060 ka huta. Kayan nan da dala ake shigo da su, kuma tun 2023 duk mun ga yadda kuɗin da mutum ya ajiye ke narkewa a hannunsa. Abin da za ka iya saye yau ba lallai ka iya saye bayan Sallah ba.

Injiniya Umaru:
Bello, kafin a kai ga wanne, akwai tambayar da ba a amsa ba: wa ya ce katin ne mai laifi? Ka sauke MSI Afterburner, kyauta ne, ka kunna rubutun da ke fitowa a kusurwar sikirin yayin wasa. Abu huɗu nake so ka karanto mana: aikin katin cikin ɗari, zafinsa, aikin furosesa, da yawan RAM da aka cinye. Ka buga wasa biyu cikakku da rana, biyu da dare.

Ga yadda ake karanta shi. Idan katin na zaune a 97 zuwa 99 cikin ɗari kuma hoton bai kai yadda kake so ba, to katin ne ya kai iyakarsa. Idan kuwa yana yawo a 60 ko 70 alhali furosesa ya cika maƙil, to katin jira yake yi a miƙo masa aiki, kuma ko wanda ya fi kowane tsada ka saka, jiran zai yi shi ma. Abin da ya sa nake zargin furosesanka: i5-6500 ƙwaya huɗu gare shi, kuma mafi ƙarancin abin da masu FC 24 suka rubuta shi ne i5-6600K. Kana ƙasa da layin kaɗan. A ɓangaren kati kuwa GTX 1050 Ti suka ce mafi ƙaranci, naka ya wuce shi da nisa.

Kawu Sani mai gyara:
Ɗana Bello, yaushe rabon da a buɗe injin nan a hure shi? Ka ce tun da zahi ya shigo abin yaf fara, to nan ya kamata ka tsaya. Hunturu ya wuce, duk ƙurar da hazo yak kawo tun Disamba tana nan cikin haƙoran ƙarhen katin, ta kwanta kamar auduga. Duk shekara haka muke gani ga shago, Maris da Afrilu ake kawo mana su, mai shi na cewa kati ya mutu. In munka buɗe, ƙura ta. Ga kuma farin man da aka shafawa tsakanin guntun katin da ƙarhen sanyaya, in ya shekara biyar shida bushewa shikai kamar alli. Wanga kati naka an yi shi ya rage gudu da kansa in ya taɓa digiri 83, don kar ya ƙone. A ƙasar da anka ƙera shi ɗaki na digiri ashirin da 'yan kai. Mu nan Sakkwato ɗaki mai kwano da azahar ya haura arba'in. Kenan tun kahin ka kunna an ci maka ashirin.

Kawo shi in hure, in canza man. Kuɗin aikin bai kai na katin waya na wata ba.

Bello Mabera:
Kawu, gaskiya tun da na saye shi ba a taɓa kwance katin ba. Nakan goge waje dai. Injiniya, na sauke, yau da dare zan auna.

Malam Lawali Sola:
Ni ba ɗan gem ba ne sosai, yarana ne, amma tun da aka ambaci 3060 da 4060 bari in saka baki ta ɓangaren da na sani. Bello, da wace wuta kake wasa? Idan da dare ne na san ba ta gari kake dogara da ita ba. GTX 1060 na jan wat 120. RTX 3060 na jan 170. RTX 4060 kuma 115 ne, ƙasa da wanda kake da shi ma. Bambancin 55 tsakanin biyun da kake dubawa ka ga kamar ba komai, amma ka yi lissafi: awa huɗu na wasa ya zama wat-awa 220. Batir mai ruwa na 200Ah a kan volt 12, a takarda 2,400 yake ɗauka, amma in kana son ya daɗe rabi kawai za ka riƙa sha, wato 1,200. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da batir ɗaya zai ba ka ya tafi a bambancin kati kawai. Wannan ita ce fankar da za ta kai mutanen gida asuba a watan Afrilu. Kuma duk wat ɗin da kati ya ja, zafi yake zama a cikin ɗakin da kake zaune.

Na sha zuwa gida a ce inbata ta lalace, in duba in tarar yaro ne ya saka RX 580 mai jan 185 saboda ya same shi da araha.

Zainab Arkilla:
Malam Lawali, lissafinka daidai ne, amma ni a kan ƙwaƙwalwar katin nake da magana. Aikina haɗa bidiyon biki da na walima, kuma 3060 mai 12GB nake amfani da shi. Da ina da kati mai 6GB, in na ɗora hoton 4K daga kyamara biyu sai manhajar ta rufe kanta. Gudu daban, wurin ajiya daban. Kati mai 8GB irin 4060 in wurin ya cika sai ya fara aro daga RAM, nan ne hoto ke tsittsinkewa komai ƙarfinsa. Sababbin wasanni da yawa na cika 8GB ko a 1080p in ka ɗaga saitin kyan hoto. Mutumin da ya riƙe kati shekara huɗu, kuma da alama zai riƙe na gaba haka, ni ban ga hikimar ya tashi daga 6 ya tsaya a 8 ba.

Aminu Gwiwa:
Anti Zainab, 4060 ya fi 3060 gudu fa, kuma yana da fasahar DLSS 3 mai ƙara hotuna a tsakani, wadda 3060 ba shi da ita. Ƙwallo Yaya Bello ke bugawa, ba bidiyon biki yake haɗawa ba.

Zainab Arkilla:
Ban musa ba, Aminu. Amma ƙarin hotunan nan shi ma wuri yake ci a ƙwaƙwalwar katin, kuma ba ya sa maɓalli ya amsa da sauri. A ƙwallo amsawar maɓalli ita ce komai.

Murtala mai gidan gem:
Ni tsorona na hannun nan ne da za a turo daga Kano ba ka gani ba. Ba ina zargin mai shi ba ne, ban san shi ba. Abin da ya same ni zan faɗa. Shekarun baya na aika aka sayo mini kati biyu daga kudu don shago, aka ɗoro su a mota. Kwalin ya ce GTX 1050 Ti, kwamfuta ma ta ce haka. Gem ya buɗe, minti biyar sai ya faɗi. Da muka saka GPU-Z, manhajar da ke nuna ainihin bayanan kati, sai ga tambarin jabu a gaban sunan. Tsohon GTS 450 ne na 2010 aka canza masa suna a ciki. Mai sayarwar ya daina ɗaga waya. Tun daga nan ba na sayen katin da ban gan shi yana aiki rabin awa a gabana ba, da zafinsa a sikirin.

Ku kuma kula da RX 580 masu arhar nan da aka rubuta wa 2048SP, wato yawan ƙwayoyin aikin da ke cikin katin. Ainihin 580 na da 2304. Wancan ƙarfin RX 570 gare shi, sunan kawai aka ɗaga.

Injiniya Umaru:
Murtala ya taɓo wuri mai muhimmanci. Da yawa daga cikin 3060 da RX 580 da ke yawo a kasuwar hannu sun ratsa lokacin haƙar kuɗin intanet, wato sa kati yana lissafi dare da rana don samar da kuɗin kirifto. Ethereum, ɗaya daga cikin kuɗaɗen nan, ta daina amfani da katunan girafik a Satumban 2022, daga nan aka zubo su kasuwa da yawa. Ni ba na cewa duk wanda aka yi haƙa da shi matacce ne. Masu haƙa da yawa rage masa wuta suke yi don su rage kuɗin lantarki, guntun kansa bai cika wahala ba. Abin da ke gajiya fanka ce da ta yi shekara biyu tana juyi dare da rana, da 'yan katifun da ke kan ƙwaƙwalwar. Ka juya fankar da yatsa, in tana karkarwa ko ƙara, ka rage kuɗi ko ka bari. Sannan a tabbatar 12GB ɗin ne, don akwai 3060 mai 8GB da aka fitar daga baya, kuma ya fi na asalin rauni.

Kawu Sani mai gyara:
Kuma a duba fawa-fak. 450 da anka rubuta ga kwali ba ita ta magana ba, wa yaƙ ƙera shi? Akwai masu nauyin biskit da ba su iya ba da rabin abin da sunka rubuta. Ga wutarmu da ke hawa da sauka, in mai arha ya tashi mutuwa ba shi tahiya shi kaɗai, da kati da bod, babban allon da komai ka zama bisa gare shi, shika tahiya. Masu kwamfutar ofis irin ƙananan HP da Dell kuwa, nasu 180 zuwa 240 na, ba su da ma wayar da kati ke buƙata. Su iyakarsu irin GTX 1650 da ke shan wuta daga ramin bod.

Bello Mabera:
Na dawo da sakamako. Jiya da rana, FC 24: kati ya kai digiri 83 cikin minti goma ya tsaya nan, gudunsa na sauka ina kallo. Aikinsa tsakanin 60 da 75 cikin ɗari. Furosesa 100, duk ƙwayoyin huɗu. RAM 7.4 cikin 8. Da dare zafin ya ɗan sauka amma sarƙewar na nan. A Red Dead kuwa katin na 99 kusan koyaushe, hoto talatin da 'yan kai a daƙiƙa.

Yau da safe na kai wa Kawu. Wallahi abin da ya fito daga cikin katin nan ya cika tafin hannu. Man ya bushe, sai da aka kankare. Yanzu yana tsayawa a 71 zuwa 73, ihun fanka ya tafi. Na karɓi sandar RAM 8GB ta biyu a wurinsa, sun zama 16. Sarƙewar ta ragu sosai, amma ba ta tafi gaba ɗaya ba, musamman a bugun kwana da lokacin da ake nuna 'yan kallo.

Injiniya Umaru:
To ka ga, cuta uku ce ka haɗa ka kira ta da suna ɗaya. Zafi, an magance. RAM, an magance, kuma sanda biyu ba yawa kawai suka ƙara maka ba, hanya biyu suka buɗe tsakanin RAM da furosesa, abin da sanda ɗaya ba ta yi. Saura furosesa a ƙwallo, da kati a Red Dead. Wasannin biyu ba abu ɗaya suke nema ba. Ƙwallo lissafi ne na 'yan wasa ashirin da biyu da motsinsu, furosesa yake wahalarwa. Red Dead daji ne da haske da inuwa, kati yake wahalarwa.

Aminu Gwiwa:
Na yarda da awon. Amma Injiniya, a faɗi ɗaya gefen ma. Nvidia ta daina fitar wa jerin GTX 10 direban sababbin wasanni, wato manhajar da ke sarrafa katin, tun Oktoban 2025, gyaran tsaro kawai ya rage. Sannan akwai wasannin da ba za su ma buɗe a katin ba. Indiana Jones and the Great Circle da Doom: The Dark Ages duk sai kati mai lissafin haske a jikinsa, wato RTX ko RX 6000 zuwa sama. Ba maganar rage saiti ba ce, ƙofar ce a rufe. Ko an hure ƙura, kwanan katin ya kusa ƙarewa.

Injiniya Umaru:
Gaskiya ka faɗa, Aminu, kuma a wurina wannan ita ce alama mafi ƙarfi ta lokacin canji: wasan da kake so da gaske ya ƙi buɗewa, ko ka rage komai zuwa ƙasa har yanzu ba ya buguwa. Tambayar ita ce, Bello na son waɗannan wasannin? In ba ya so, ƙofar da aka rufe ba tasa ba ce. Kuma in maganar ƙarewar kwana ce, furosesansa ya riga katin. Windows 10 ta daina samun tallafi ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a hukumance sai Intel zubi na takwas zuwa sama. Nasa na shida ne.

Zainab Arkilla:
Akwai kuma wani abu da 4060 a tsohon bod. Layi takwas kawai yake amfani da su a ramin, ramin bod ɗin Bello kuma PCIe 3.0 ne, tsohon tsari mai ƙarancin gudu. Yawancin lokaci asarar kaɗan ce, amma da zarar 8GB ta cika aka fara aro daga RAM, ta wannan siririyar hanyar ake bi. Can ne za ka ji ta a jikinka.

Murtala mai gidan gem:
Bello, a bar hasashe. Ina da RX 6600 a inji na uku, wat 132 yake ja, fawa-fak ɗinka zai ɗauka in yana da waya mai haƙori takwas. Ranar Talata da safe shago ba kowa, yara na makaranta. Kawo injinka Gawon Nama mu saka shi mu gani da ido. Ya fi 1060 nesa ba kusa ba, ya ɗan gaza 3060. In ƙwallonka ya warke da shi, ka sayi kati. In bai warke ba ka san inda za ka kai kuɗinka. Ka sauke DDU tun daga gida don mu share direban Nvidia tas kafin mu saka na AMD.

Malam Lawali Sola:
Allah Ya saka da alheri, Murtala. In kun yi, ku saka mitar wuta a soket ku gaya mana abin da injin gaba ɗaya ke ja. Ina da ita in kuna so, sai a biyo Runjin Sambo a karɓa.

Bello Mabera:
Mun yi gwajin jiya, na gode wa Murtala, har shayi ya saya mini. Ga abin da muka gani. Red Dead ya tashi daga talatin da 'yan kai zuwa kusan sittin da saiti iri ɗaya, abin sha'awa, sai a cikin gari ne yake ɗan faɗuwa in mutane sun yi yawa. Ƙwallo kuwa kusan babu bambanci. Aikin katin ma sauka ya yi zuwa wajen 45 cikin ɗari, furosesa na 100, bugun kwana na nan yana ƙamewa kamar da. Da na sayi 4060 makon jiya da raina ya ɓaci ƙwarai, don saboda ƙwallon nake tara kuɗin, shi muke bugawa da abokaina kowace Juma'a da dare.

Abin da nake tunani yanzu: in sayi furosesa Ryzen 5 5600 da bod B450 ko B550, in mayar da RAM ɗina tun da duk iri ɗaya ne, DDR4, in ci gaba da 1060. Ragowar kuɗin in ajiye su zama tushen na kati. Malam Lawali, mun manta da mitar, ka yi haƙuri.

Aminu Gwiwa:
Ni dai har yanzu ina ganin da ka ɗauki katin tun kuɗin na hannu, bod ya biyo baya. Katin ne mai tsadar, shi ya fi saurin kuɓucewa. Amma ƙwallonka ne, kai ka san abin da ya dame ka.

Injiniya Umaru:
Zaɓin 5600 ya yi, ƙwaya shida ne kuma wat 65 ne kamar naka na yanzu, batirinka ba zai ji bambanci sosai ba. Abu biyu ka kiyaye. Na farko, 5600 ba shi da girafik a cikinsa, ranar da 1060 ya tsaya sikirin baƙi za ka gani har sai ka sami wani katin. Akwai 5600G mai girafik, amma an rage masa rabin ma'ajiyar cikinsa, 16MB maimakon 32, kuma a gem ana jin wannan. Ni 5600 zalla zan ɗauka tun da Kawu ya ce katinka lafiya lau. Na biyu, in B450 ne, ka tabbatar an sabunta masa BIOS, wato manhajar da ke cikin bod ɗin, kafin a ɗoro shi mota, in ba haka ba ba zai gane furosesan ba, kuma sai ka nemo tsohon Ryzen kafin ka iya sabuntawa. Ka sa mai sayarwar ya haɗa su ya kunna, ya turo maka bidiyo.

Zainab Arkilla:
In lokacin katin ya zo ka sake tambaya, kar ka riƙe sunan da muka ambata yau. Intel ma ta fitar da Arc B580 mai 12GB a Disamban 2024 kan dala 249, sai dai yana son sabon bod mai wani saiti da ake kira Resizable BAR, wanda B550 ke da shi. A tsohon naka da bai yi ba.

Kawu Sani mai gyara:
In kayan sun iso ka kawo su Asabar bayan la'asar, da akwatin gaba ɗaya, in duba fawa-fak ɗin kahin mu ɗaura sabon bod bisa gare shi. Ka biyo kasuwa ka sawo gidan sauro yadi ɗaya, mai ƙananan ido, mu yanka mu liƙa ga gaban akwatin inda iska ka shiga. Kuma ka ɗauke shi daga ƙasa ka aza bisa tebur.

Bello Mabera:
To Kawu, in sha Allahu. Tsohon bod ɗin da i5 ɗin fa, za ka karɓa ka rage mini a kuɗin aiki, ko in nemi mai saye?

Murtala mai gidan gem:
Kar ka kai ko'ina, ina so. Inji na biyar PES 2021 kawai yara ke bugawa a kai, zai ɗauke shi ba matsala. Mu haɗu a shagon Kawu ranar Asabar ɗin mu yi ciniki.